Taswirar Hayaƙin Injiniya Abdulmutallib

Garinmu Tudun Kanya abu biyu aka san shi da su, dutse da rashin hanya. Dutsen yana gabas da gari. In ka hau kansa da la'asar a ƙarshen damina ka juya yamma, za ka ga gonakin masara da dawa sun shimfiɗe har inda ido ya gaji, ga fadamu suna ƙyalli, ga motoci can a babban titi suna rarrafe kamar tururuwa. Hanyar da ta taso daga Dayi zuwa wurinmu kuwa, ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara kafin ya sa ƙafa. Duk kaka masararmu a ka ake fitar da ita, ko a bayan babur buhu ɗai-ɗai, kafin ta isa kasuwa mutanen wasu garuruwa sun sayar da tasu sun koma gida sun yi wanka. Mai unguwarmu, Baba Ɗanjuma, tun gemunsa yana baƙi yake zaryar ofisoshi neman titi, har gemun ya koma kamar auduga bai samu ko tifa ɗaya ta tsakuwa ba.

Ana nan sai aka bugo masa waya. Wai akwai wani kwamiti daga Katsina da ke neman dutse mai kyan kallo da za a gyara wa baƙi masu yawon buɗe ido, kuma duk dutsen da aka zaɓa za a ja masa kwalta har gindinsa. Duwatsu biyu suka rage a yankinmu, namu da na Rafin Ɗinya, ƙauyen da ke kudu da mu, waɗanda dutsensu in ka ɗora rumbu a kan rumbu ka kusa kamo shi. Kwamitin zai duba su duka a rana ɗaya cikin mako mai zuwa, kuma da yake Baba Ɗanjuma ya girmi mai unguwarsu, aka bar masa zaɓen ranar.

Da ba don abu ɗaya ba, da tun a lokacin mun fara dakan furar walima. Bara aka kafa wani kamfanin casar shinkafa a bakin babban titi, yamma da mu, mai dogon bututu da ke ƙona ɓuntu. Hayaƙinsa ba ya shawara da kowa. Yau ya nufi arewa ya bar mu lafiya, gobe ya kwanto kan gari ya lulluɓe dutsen, ka sha wahalar hawa amma ba abin da za ka kalla sai tafin hannunka. In kwamiti ya zo a irin wannan rana, titi ya tafi Rafin Ɗinya ke nan.

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa ana ta cacar baki. Wani ya ce a zaɓi Talata, don ranar Talata aka ɗaura auren kakansa kuma an ce gari ya yi garau. Murtala mai cajin waya ya ce a je a roƙi kamfanin su kashe injinsu yini ɗaya, aka tuna masa cewa an taɓa zuwa, maigadi ya ce manaja ya yi tafiya, kuma har yau bai dawo ba. Ana cikin haka sai ga Abdulmutallib ya ratso taro yana ta gafara dai, gafara dai.

Abdulmutallib taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa. Ya ɗan zauna a Kaduna yana sharar wani shagon buga takardu, ya dawo mana da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda aka ɗaure murfinta da robar taya, da 'yar riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan titi, da sunan Injiniya wanda shi ya raɗa wa kansa ba tare da an yanka rago ba. Shi ne ya gyara wa Liman rediyo har ta daina kama kowace tasha sai wata ta Faransanci. Shi ne kuma ya gyara famfon tuƙa-tuƙa na masallaci, tun daga ranar muka koma rijiya.

Ya durƙusa ya gaishe da mai unguwa, ya ajiye kwamfutar a kan tabarma kamar mai ajiye jariri.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "zamanin ɗaga kai a dubi sama ya wuce. Hayaƙin nan da kuke tsoro, a cikin na'urata yake kwana."

Ya yi bayani cewa akwai wata manhaja a ciki, wadda wani ɗalibi ya manta da ita lokacin da ya zo buga aikinsa na kammala makaranta. In ka ba ta tsawon bututu, da kaurin hayaƙi, da taswirar gari, ita kuma ta ɗauko labarin iskar mako daga yanar gizo, sai ta zana maka inda hayaƙi zai bi kowace rana da iyakar nisan da ido zai iya hangowa. Ya ce a ƙasashen waje ba a kafa ko murhu sai an tambaye ta.

Baba Ɗanjuma ya shafa gemu, ya kira shi da sunan mahaifiyarsa ya ce, "Ɗan Hajo, ita na'urar ta taɓa zuwa Tudun Kanya?"

"Ba ta bukata, ranka ya daɗe. Ai ni na zo."

Ba wai mun yarda da shi ba ne. Amma wanda ya ce Talata ba shi da hujja sai auren kakansa, shi kuwa wannan yana da abu mai fitila. Aka ba shi aiki.

Da taswira ya fara. Ya farke kwalin taliya ya shimfiɗa, ya ɗauko gawayi da jan biro. Kafin ya ja layi ko ɗaya sai da ya yi mana wa'azi. Ya ce Turawan da suka ƙera manhajar sun saba ɗora arewa a saman takarda, amma wannan rashin sanin girma ne. Gabas ake fuskanta a yi salla, gabas ake fuskantar da mamaci a kabari, daga gabas rana take fitowa, don haka shi ba zai ɗora komai a kan gabas ba. Ya zana dutsenmu can ƙololuwar kwali, kamfani a ƙasa, Rafin Ɗinya a hannun dama, ya yi wa dutsensu ɗan ɗigo kamar kashin awaki. Liman ya ji daɗi ƙwarai, ya ce Allah ya yi wa karatun yaron nan albarka, ashe boko bai cinye shi ba. Dukanmu muka gyaɗa kai, har da ni. Ya ɗauki hoton kwalin da waya ya zuba a kwamfuta.

Abin da babu wanda ya tambaya shi ne ko an sanar da kwamfutar wannan gyara. Ita abin da ta sani, saman hoto arewa ne, hannun dama kuma gabas. A kwalin Injiniya kuwa sama gabas, dama kudu. Haka suka fara aiki tare, kowa da fahimtarsa.

Sai awon bututu. Ya sa muka ɗaura gora uku baki da baki, muka ɗauka mu huɗu har bayan katangar kamfanin. Dabararsa ita ce mu tsayar da gorar, shi kuma ya ja da baya ya rufe ido ɗaya ya gwada ta da bututun. Muka tsayar. Gorar ta yi lilo sau biyu kamar mai gaisuwa, ta tafi luu ta cikin katanga, sai muka ji ƙarar butar shayi da salatin maigadi. Bayan salati sai haushin karnuka. Mu da muka san hanya muka shige gonar dawa, Injiniya kuwa ya ce shi ya san gajeriyar hanya, ya ranta a na kare ya faɗa tsibin tokar ɓuntu da kamfanin ke zubarwa, ya nutse har wuya. Karnukan ma da suka iso suka ga abin da ke fitowa daga tokar, juyawa suka yi.

Da ya shigo gari fari fat, ido kawai ke motsi, matan da ke bakin rijiya suka watse suka bar guga a ciki. Mahaifiyarsa Hajo, wadda ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Kai wancan, wa ya gasa ka bai ƙarasa ba?" Ya ce mata aiki ya yi kyau, don daga cikin tokar ma ya fi ganin bututun sosai, tsawonsa rimi biyu ne da 'yar kuka.

Washegari ya ce saura kaurin hayaƙi, kuma wannan sai da farin ƙyalle ake gane shi. Duk gidan babu abin da ya kai mayafin da ƙanin Hajo ya kawo mata daga aikin Hajji fari, wanda ko ita ba ta yafa shi sai ranar Idi. Ya zare shi daga ƙasan akwati ya kafa shi a sanda a kan dutse, wai ya yini yana kama hayaƙi. Hayaƙi bai zo ba ranar. Awaki ne suka zo, suka ci gefe ɗaya, yayyafi ya jiƙa sauran ya kayar da sandar cikin taɓo. Ni ina shagona ina ɗinki na hango Hajo ta fito da muciya, shi kuma yana zagaya turmi yana ce mata ta yi haƙuri, gari yake yi wa aiki.

"To gari ya ba ka tuwo yau," in ji ta, ta sa sakata.

A gidana ya ci tuwon, malmala uku, yana yi mini bayanin yadda manyan masana suka sha irin wannan tsangwama daga danginsu.

Kafin a kai ga lissafi, cajin kwamfuta ya ƙare. Garinmu ba wutar lantarki, duk wayoyinmu a rumfar Murtala suke shan caji da ɗan janaretansa. Injiniya ya je ya ce wutar ta yi wa na'urarsa sanyi, irin wannan na'ura wuta mai nauyi take sha. Murtala ya zagaya bayan rumfa kama ruwa, kafin ya dawo Injiniya ya murɗa wani abu a jikin janaretan. Injin ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba, ya yi tsalle, sai tas, tas, tas, cajojin mutane suka narke a jere. Rabin wayoyin gari suka mutu a zama ɗaya, har da ta mai unguwa. Kwamfutar kuwa ko gezau, don ashe bai ma soka ta ba tukuna. Murtala ya bi shi da bel ɗin injin har bakin rafi, daga nan Injiniya ya zarce Dayi a ƙafa, can ya yi cajinsa.

Duk da haka, ranar da ya ce sakamako ya fito, zauren mai unguwa bai ɗauki mutane ba. Ya buɗe kwamfutar, sai ga kwalin taliyarmu a cikin gilashi, ga wani abu ja da ruwan ƙasa yana fitowa daga bututun kamfani yana buɗewa kamar wutsiyar zakara. Gaskiya abin ya ba da sha'awa. Murtala ma da ya zo da niyyar faɗa sai da ya leƙo ta kan kafaɗar mutane.

Injiniya ya danna Litinin, wutsiyar ta miƙe sama ta rufe dutsenmu. Aka yi tsaki. Ya danna Talata, haka. Mai kakan nan ya sunkuyar da kai. Laraba ma haka. Da ya danna Alhamis da la'asar, sai wutsiyar ta karkata hannun dama, ta bar dutsenmu tas, ta je ta zauna daram a kan ɗan ɗigon Rafin Ɗinya.

Zaure ya kaure da kabbara. Injiniya ya miƙe ya gyara rigarsa mai ƙyalli ya ce ba wai kawai ya kawar mana da hayaƙi ba ne, ya aika shi gidan abokan hamayya ne, kuma bai ce a biya shi kuɗin aike ba. Baba Ɗanjuma ya ari wayar Liman, wadda ta tsira saboda Liman bai taɓa yarda da janaretan Murtala ba, ya kira kwamiti ya ce Alhamis, su fara da Rafin Ɗinya bayan azahar, su ƙarasa da mu da la'asar. Ya mayar wa Liman wayarsa cike da murna. Ban taɓa ganin tsohon nan yana dariya har dasashi ba sai ranar.

Litinin ta zo, ranar da na'ura ta ce dutse zai rufe. Dutse ya yini garau, hayaƙi ya yi arewa abinsa. Aka tambayi Injiniya, ya ce akwai hayaƙin a kan dutsen, siriri ne, irin wanda idon da bai yi karatu ba ba ya gani. Talata ma garau, har mai kakan nan ya fara ɗaga kafaɗa yana yawo a gari. Injiniya ya ce wannan shi ne mafi haɗari, don hayaƙin da ba a gani ya fi wanda ake gani yawa.

Ranar Laraba gunaguni ya yi yawa, sai ya ce zai rufe bakin kowa da gwaji. Ya tara tsofaffin tayoyin babur a filin bayan gari. Ya duba na'ura, ta zana wutsiya ta yi sama, ya ce hayaƙi gabas zai yi, don haka manya su zauna ta arewa inda ko wari ba za su ji ba. Aka shimfiɗa wa mai unguwa da Liman da dattawa tabarmi ta arewa. Ya ƙyasta ashana, ya ja da baya, ya nuna gabas da yatsa kamar mai ba hayaƙin umarni. Hayaƙin ya tashi baƙi ƙirin, ya ɗan yi jim, ya juya ya nufi dattawa kai tsaye kamar an aike shi da saƙo. Liman ya bar takalminsa ɗaya a wurin. Bayan dattawa kuma akwai shanyar kuɓewa da wankin matan unguwa, duk ya bi ta kansu bai bar ko ɗankwali ba.

Baba Ɗanjuma yana tari yana share hawaye ya ce a kira masa ɗan Hajo. Ya ce gabansa yana faɗuwa, ko a roƙi kwamiti a ɗaga ranar.

"Ranka ya daɗe, hayaƙin taya daban, na kamfani daban," in ji Injiniya. "Na taya ɗan tasha ne, ba ya bin doka. Na kamfani kuwa ta bututu yake fita, a tsare yake. In ya taɓa dutsen nan gobe, ku cire mini Injiniya daga sunana."

Na ce masa ai mu ba mu muka sa ba balle mu cire. Ya ce hassada ce irin ta taubasai. Tsoho ya shafa gemu. An riga an yanka awaki, an jiƙa shinkafar waina, kuma dattijo kamarsa ba zai kira manyan mutane ana gobe ya ce ya fasa ba. Ya ce Allah ya sa mu ga alheri.

Ranar Alhamis tun hantsi ake hawa da kaya kan dutse. Rumfa, kujeru, ƙwaryar fura jere-jere, waina a manyan kwanuka, makaɗa da kalangu. Aka ce kowa ya sa farare don hoto ya yi kyau. Hajo ta ari mayafi. Injiniya ya samo lasifika mai batir, ya ɗora kwamfutarsa a kan tebur a tsakiyar rumfa, ya rufe ta da ƙyallen da aka yi wa ado.

Motar kwamiti ta maƙale tun a rafin farko, sai a kan babura aka ƙaraso da su. Shugabarsu wata mace ce mai gilashi, Hajiya Maijidda, ta sauko da taɓo har gwiwar leshinta amma ba ta ɓata rai ba. Da aka gaisa ta ce sun fito daga Rafin Ɗinya, dutsensu ƙarami ne, amma kallo tas, har shanun da ke kiwo a fadama sun gani. Baba Ɗanjuma ya waiwayo ya dubi Injiniya. Injiniya ya matso ya raɗa masa cewa hayaƙin ya ɗan makara ne, yana hanya.

Gaskiyarsa, yana hanya.

Da suka iso ƙololuwa Hajiya ta tsaya ta dafa ƙirji ta ce masha Allah. Rana ta yi sanyi, gonaki kore shar har ƙarshen duniya, fadamu kamar an zuba madubi. Ta ce duk yawonsu ba su ga irin wannan ba, ta sa hannu a jaka za ta ciro kyamara. Da an bar ta ta ɗauki hotonta a lokacin, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma Injiniya ya riga ya kunna lasifika. Ya ce kafin a ɗauki hoto, ya dace baƙi su san wanda ya share musu sararin samaniya.

Ya tsaya ya ba yamma baya, ya fuskance mu. Ya fara daga haihuwarsa. Ya bi ta Kaduna, ya faɗi irin manyan da ya buga wa takardu. Mu kuwa da muke fuskantar yamma muna kallon bututun kamfani ta bayan kunnensa. Hayaƙin da ke tafiya arewa ya tsaya cak, ya yi kamar mai tunani, sannan ya sunkuyo ya miƙo wajenmu. Na ɗaga masa hannu, ya ce tambayoyi sai a ƙarshe. Babban titi ya ɓace. Fadamu suka ɓace. Yana cewa shi mutum ne da iska ke jin maganarsa, gonaki suka bi. Yana cewa yanzu haka mutanen Rafin Ɗinya ba sa ganin junansu, garinmu da ke gindin dutse ya shuɗe. Mai kalangu da ke can ƙarshen rumfa, sai dai a ji shi.

Sai da baƙar toka ta fara sauka a kan fura kamar an barbaɗa kanumfari, Liman ya soma irin tarin jiya, sannan Injiniya ya waiwaya. Ya daɗe yana kallo. Ya manta lasifika tana kunne ya ce, "Wannan ba namu ba ne. Na Rafin Ɗinya ne ya yi ɓatan kai."

Hajiya Maijidda ta rufe hanci da gefen mayafi ta ce a nuna mata na'urar da ake magana. Ashe a ofishinsu suna aiki da irin manhajar. Ta cire gilashi ta goge, ta dubi kwalin taliya a cikin kwamfuta, ta dubi wata 'yar kibiya a kusurwar hoton, ta sake duban kwalin.

"Malam, ina arewa a taswirar nan?"

Ya nuna hagu da ƙarfin gwiwa, ya fara maimaita mata wa'azin girman gabas. Ta bari ya kai aya.

"Na ji. Ita kwamfutar ka gaya mata?"

"Hajiya, na'ura mai wannan tsada a ce ba ta san gabas ba?"

Ta jawo kwamfutar gabanta. Ta danna wani wuri, kwalin ya juya a cikin gilashi har dutsenmu ya koma hannun dama. Wutsiyar nan ja ba ta motsa ba ko kaɗan, dutsen ne ya zo ya shiga ƙarƙashinta, kuma inda ta fi duhu daidai inda muka kafa rumfa. Ta danna Litinin, dutse tas. Talata tas. Laraba tas. Ta duba har Juma'a da Asabar masu zuwa, duk tas. Ta ce na'urar ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba, a duk makon nan la'asar ɗin Alhamis ce kaɗai hayaƙi zai hau dutsen, kuma ita aka zaɓa.

Tari ya tashi nan da can. Liman ya duƙufa kan carbinsa kamar bai taɓa ganin kwali ba a rayuwarsa. Ni ma na shiga gyaran hula.

Injiniya ya gyara murya ya ce, "To kun dai ji da kunnenku. A mako guda rana ɗaya ce tak mai hayaƙi, kuma na gano ta. A garin nan wa zai iya?"

Ban ga wanda ya fara jifa da waina ba, amma na ga Hajo tana naɗe mayafin aro tana cewa a ba ta hanya, Murtala kuma yana kwance bel. Injiniya ya rungumi kwamfutarsa ya bi ta gefen dutsen da ko awaki ba sa bi, ya sauka a zaune. Hayaƙin ma ya yi masa rana, don ba a ga inda ya shiga ba.

Baba Ɗanjuma ya bi Hajiya har wajen babura yana roƙo su dawo gobe, tunda ita da kanta ta ga gobe tas ne. Ta ba shi haƙuri cikin ladabi. Ta ce gobe suna wata ƙaramar hukumar, kuma abin da idon kwamiti ya gani shi za su faɗa. Tsohon ya tsaya da farar rigarsa da ta koma ruwan toka yana kallon baburan har suka shige dawa. Nan dariya ta ƙare mini. Na ji tausayinsa har raina ya ɓaci, don na san shekarun da ya yi yana jiran wannan la'asar.

Kafin damina ta zagayo an ja wa Rafin Ɗinya kwalta. Abin haushin shi ne babu inda ake ganin titin nan da kyau kamar kan dutsenmu. Baƙi wuluk, miƙe sambal, motoci suna shiga wayam suna fitowa da masara. Baba Ɗanjuma ya ɗauki wata ɗabi'a, duk la'asar sai ya dogara sanda ya hau ya zauna yana kallonsa yana ƙwafa. An hana shi, ya ƙi.

Shi kuwa Injiniya, bayan ya ɗan ɓuya a Funtua wajen wani abokinsa, ya dawo da sabon suna, wai Masanin Muhalli. Wata rana ina tare da tsoho a kan dutse sai ya ce in kira masa shi. Na zaci ranar hukunci ce ta zo, na sauka da saurina na kawo shi, yana tafe yana ɓoye kwamfuta a bayansa.

Tsoho bai ko dube shi ba, idonsa yana kan kwaltar. Ya ce, "Ɗan Hajo, duba mini a na'urar taka ranar da hayaƙin zai rufe wancan titin. Ina so in hau dutsen nan sau ɗaya in zauna ban gan shi ba."

Nan take kafaɗar Injiniya ta dawo. Ya ce wannan ƙaramin aiki ne, da ma gyaran da Hajiya ta yi wa taswirar bai cika ba, shi ya ƙara juya ta sau ɗaya don ta zauna sosai. Ya danna nan ya danna can, ya ce Asabar da la'asar, ko alamar titi ba za a gani ba.

Ranar Asabar na riƙe wa tsoho hannu muka hau. Tunda nake hawa dutsen nan ban taɓa ganin gari ya washe irin na ranar ba. Har farin fentin da ke tsakiyar titin ana gani, ga mai unguwar Rafin Ɗinya a bakin kwalta cikin babbar riga, ya hango mu, yana ɗago mana hannu.